Ba A Wuce Na Baya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu bibiyata. Yau kam sai kun yi haƙuri da ni, raina a ɓace na ɗauki wayar nan. Ga waɗanda suka shigo mana sabbi, ni ce Sumayya, 'yar Dutsin-Ma, na gama karatun koyarwa ina zaman jiran aiki, ina ɗan taɓa ɗinki don kada zaman ya cinye ni. Wanda ya hana ni sukuni kuwa sunansa Abdullatif, mutumin Kurfi, malamin lissafi a wata makarantar kuɗi nan cikin gari. Yana sona, ina son sa, wannan ba ta taɓa zama matsala ba. Matsalar ita ce bawan Allahn nan ko shayi zai sha sai ya tsara masa matakai.

Wata a cikinku ta tambaye ni wane irin wasa ne nake yawan ambata. Bari in warware muku, don in ba ku gane wasan ba ba za ku gane abin da ke cina ba.

Shi ya ƙirƙiro abinsa, ya sa masa suna Ayari. Ba a waya ake yi ba, ba kuma lido ba ne, duk da ɗan lido muke jefawa. Zama ake yi a kewaye tebur, kowa ya ɗauki mutum ɗaya cikin ayarin fatake ya zama shi. Abdullatif shi ne Madugu, shi ke ba da labarin inda ayari ya sauka da abin da ya tare hanya, ke kuma ki faɗi abin da mutuminki zai yi, ki jefa ɗan lido a ga ko kin dace. Duk Asabar bayan azahar muke haɗuwa a barandar bayan kemis ɗin ƙawata Roda, 'yar kudancin Kaduna ce amma ta daɗe a garin nan har ta fi ni sanin inda ake sayar da fura mai kyau. Na huɗunmu Dickson ne, mutumin Jos, mai gwajin jini a wani ƙaramin asibiti.

Kowa da sana'arsa a cikin ayarin. Dickson ya ɗauki maharbi, ya raɗa masa Jibo. Roda ta ɗauki maƙeri mai suna Zaharaddin, wai tana so ta ji yadda maza ke ji in suna buga ƙarfe ba mai ce musu su tashi su ɗora tukunya. Ni kuma Abdullatif ya dube ni da wannan murmushin nasa ya ce mai magani ce ta dace da ni. Ni da so ya rufe wa ido na ce to, na sa mata suna Turai, har da zana mata ƙaramar jaka a jikin kwalin da kowa ke rubuta bayanin mutuminsa.

To ga inda gizon yake. Duk abin kirkin da mutuminka ya yi, Madugu zai ba ka 'ya'yan tsamiya ka zuba a gwangwanin madara. In suka cika kofin shayi, ka hau mataki na gaba, ka samu sabuwar iyawa. Sai dai yawancin tsamiyar nan a wurin faɗa ake samunta. Jibo ya saki kibiya ɗaya kura ta faɗi, a damƙa masa cikin tafi. Turai ta durƙusa ta ɗaure masa rauni, ta tsayar da jini, ta dafa saiwa, a miƙo mini ƙwaya biyu kamar an ba yaro alewa. Na yi ƙorafi tun farko, ya ce mini:

"Na auna komai, Sumayya. Maharbi da ƙarfi yake farawa, daga baya ya yi nauyi. Mai magani a hankali take hawa, amma in ta kai sama ita kaɗai za ta iya ceton gari guda. In an je can duk daidai kuke."

"Yaushe za a je can ɗin?"

"A hankali."

Sannan ga doka ta biyu, wadda ta fi ci mini rai: ba mai wuce na baya da fiye da mataki ɗaya. Ko tsamiyarka ta cika buhu, sai ka tsaya na ƙarshe ya matso. Kun san wace ce ta ƙarshen. Gwangwanin Dickson ya cika, ya cika na biyu, yanzu a leda yake zuwa da sauran, kuma duk lokacin da ya ajiye ledar nan a kan tebur sai na ji kamar a kaina ya ɗora ta.

Wannan ke nan a waje. A gida kuma Gogo ce.

Gogo ƙanwar Baba ce, tun da mijinta ya rasu ta dawo gidanmu, kuma duk maganar da Baba ba ya son faɗa da bakinsa ita ce ke kawo ta, har da ƙarin gishiri. Ranar da abin ya taso ina tsugune ina guge wata atamfa mai ruwan goro da zan kai wa mai ita, ta ɗaga labule ta shigo ba sallama, ta zauna a bakin gadona tana karkaɗa ƙafa.

"Ke Sumayya, wanga malamin naki tabarmarmu ya zo ƙararwa ko mi?"

"Gogo ai a benci yake zama."

"To bencin. Tun kina yafa koren gyalen nan yake zuwa. Gyalen ya koɗe, an mai da shi tsumman sauke tukunya, shi yana nan yana ina wuni, ina gajiya. Gajiyar ai mu ke da ita."

Na yi ta goga wuri ɗaya.

"Yaya ya ce in gaya miki, kafin azumi shi turo magabatansa. In ba haka ba shi ba wasu wuri, ba shi kaɗai ke da ƙafa ba. Kuma cacar nan taku ta Asabar, ita ma ta kusa ƙarewa."

"Wallahi ba caca ba ce, Gogo, ko sisi ba a sawa."

"To wannan ai ya fi muni. Mutane da gemunsu su zauna suna tara 'ya'yan tsamiya, abin da ko kunu ba a yi da shi."

Ta fita tana tsaki. Ni kuma sai ƙauri na ji, na ɗaga dutsen guga na tarar na yi wa atamfar mutane tambari a gefen zani.

Na jawo waya daga caji na rubuta masa: "Baba ya yi magana. Ya ce kafin azumi."

Na ga ya karanta. Na ga yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya sake tsayawa. Ina zaune da ƙonanniyar atamfa a cinya ina kallon allo kamar mai jiran sakamakon jarrabawa.

"In sha Allahu komai zai daidaita. Abu ne na mataki-mataki."

"Wane mataki muke yanzu?"

"Kin ci abinci?"

Jama'a ku faɗa mini gaskiya, in ke ce me za ki yi? Ni dai na kife wayar na shiga neman yadda zan ɓoye ƙunar nan a cikin kalmasa.

Ranar Asabar na yi niyyar ƙin zuwa, sai kuma na ce gara in je in ga idonsa. Na sa doguwar riga baƙa mai ɗinkin zare ja a wuya, na yafa jan mayafi, na shafa turaren da na san yana so, don in zai ƙi magana ya ƙi ta yana shan wahala. Na tarar har sun shimfiɗa taswirar da ya zana a bayan kalanda, Roda ta kawo gyaɗa da zoɓo mai sanyi, fanka tana ta juyi tana ɗaga kwalayenmu. Ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru. Ya gyara gilashinsa ya sauya murya irin ta Madugu, wadda in ya yi ta har ga Allah sai in manta ina fushi.

"Ayari ya sauka a bakin wata rijiya, rana ta yi tsaka. Kuna sauke kaya sai ga wata tsohuwa ana ɗauke da ita, maciji ya sare ta."

Na ce Turai ta ɗaure ƙafar ta nemi saiwa. Na jefa ɗan lido, na dace. Ya zubo mini tsamiya, har ta ɗan fi ta kullum. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba.

"Kuna shirin tashi sai jakin Zaharaddin ya fara ɗingishi."

Na duba jaki. Tsamiya.

"A ƙofar gari kuma ga wani mai gadi zazzaɓi ya kayar da shi."

Roda ta ƙware da zoɓo, ta juya baya tana tari, kafaɗunta na rawa. Dickson ya ajiye kwalinsa a hankali ya ce:

"Madugu, don Allah garin nan annoba aka yi ne? Tun da muka zo ban ga ko zomo ba, sai marasa lafiya."

A nan na gane. Na dubi tsamiyar da ke gabana, na dubi Abdullatif, ya sunkuyar da kai yana gyara taswirar da ba abin da ya same ta.

"Sadaka kake ba ni?"

"Ba sadaka ba ce, labari ne ya zo da haka."

"Kai ne labarin ai. Ka ga na zame muku kaya, shi ne ka jero mini gurgu da makaho in yi ta karɓar na goro."

Dickson, da yake mutum ne mai son a zauna lafiya, ya tura ledarsa gabana. "Sumayya ki ɗiba a nan mana, ni ba abin da suke mini. Kullum ina zuwa da su ina komawa da su kamar ɗan talla."

Na san da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ita ce ta ƙarasa ni. Na ture ledar, 'ya'yan tsamiya suka watse a siminti suna tsalle.

"Ba naka nake so ba, nawa nake so! Madugu, sau nawa Jibo ya faɗi na tashe shi? Ranar da 'yan fashi suka sare shi a kwazazzabo, wa ya hana shi mutuwa? Duk kurar da ya harba bayan nan, da hannun da wa ya ɗaure ya harbe ta? Kana ƙirga abin da aka kashe, ba ka ƙirga wanda aka raya. Ba Turai ce mai nauyi ba, ma'auninka ne ya karkace."

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Roda tana share hawayen dariya. "Ni ma takobin da na ƙera wa Jibo, shi aka biya da ya sara da shi."

Abdullatif ya cire gilashi ya murza ido. "In na sauya ma'auni yanzu, cewa za a yi don ita na yi."

"Wa zai ce?" Roda ta waiga hagu da dama. "Malam, mu uku ne a nan, kuma duk mun san kana son ta. Har mai kawo mini kaya daga Katsina ya sani."

Ko murmushi bai yi ba. Sai na ce to shi ke nan, a bar ma'auni yadda yake, a cire ɗaya dokar. A saki Dickson ya hau abinsa, ya kai sama ya yi ta harbin giwaye, ni in taho a bayansa da jakata ba tare da ana kallona ba.

Ban taɓa ganin fuskarsa ta sauya haka ba. Muryar Madugu ta tafi, tasa ta dawo, ƙasa-ƙasa.

"Wannan ba za ta taɓu ba. Ku sauya duk abin da kuke so a wasan nan, amma ba za a wuce na baya a bar shi ba. Ba a teburina ba."

Na ɗauki jakata na fita, ko sallama ban yi wa Roda ba, na bar ta tana tsince tsamiya a ƙarƙashin benci.

Ban san Gogo ta riga ta yanke nata hukuncin ba. Ranar kasuwar Kurfi ta tashe ni da sassafe wai in raka ta sayen daddawa, in riƙe mata kwando. Daddawar da ake sayarwa a bakin layinmu ba ta yi mata ba ke nan. Muka shiga ƙaramar mota aka matse mu, ni a tsakanin Gogo da wata mata mai kaji biyu a cinya, muka kama hanya. Sai da muka sauka ta ce mini:

"Bincike na zo yi. Ke kuma ki rufe bakinki ki buɗe kunne."

Mai daddawar tsohuwar ƙawarta ce, tun suna 'yan mata. Bayan an gama gaisuwa da tambayar waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, Gogo ta jefa sunan gidan su Abdullatif kamar ba da gangan ba. Matar ta dube ni ta dubi Gogo, ta gyara zama. Ni na kawar da kai ina kallon masu tattasai.

"Gidan mutunci ne, ba abin da za a ce. Ubansu ya rasu suna ƙanana. Babban, Tukur, shi ya aje makaranta ya koma gonarsu ta Tamawa, ya riƙe uwar, ya riƙe ƙannen. Wanga malamin da kike ji, Tukur ne ya yi ta noma har ya ga ƙarshen karatunsa. Kuma shi ma hwa yana da kai, malamansu har gida suka biyo shi."

"Shi Tukur ɗin matansa nawa?" in ji Gogo.

"Wace mata? Yaushe ya samu sarari? Ai shi ya sa ƙanen ya ce gaban uwarsu ba ya aure sai Yaya ya yi. Kowa ya san wannan."

"To yana da wadda yake nema?"

"Wa ya sani. Mutumin da daga gona sai masallaci."

Gogo ta miƙe ta karkaɗe zaninta. "Allah shi kyauta. Taso mu tahi, an gama." Ko daddawar sai da matar ta biyo mu da ita.

A mota Gogo ta yi ta faɗa, wai gida mai kyau ne amma gidan jira ne, ita kuma ba ta ga ɗiyar da za ta kai layi ba. Haushi nake ji, tausayi nake ji, kuma na rasa wanda zan ɗora wa wanne. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk tsawon zuwan da yake yi, ya gaya mini sunan kowane ɗalibinsa mai taurin kai, ya gaya mini yadda ya auna ƙarfin kibiya da na takobi, amma wannan bai taɓa gaya mini ba, sai a bakin mai daddawa na ji.

Washegari bayan la'asar ya zo. Na fito da hijabin sallata, ko hoda ban shafa ba, na tsaya a bakin zaure ban zauna ba. Ya miƙo mini wata leda, wai yadi ne ya gani ya ga zai yi mini kyau. Ban karɓa ba.

"Na je Kurfi jiya. Na ji labarin Yaya Tukur."

Hannunsa ya sauka a hankali.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ina neman yadda zan faɗa ne."

"Mataki-mataki?"

"Sumayya, ba ki san abin da mutumin nan ya yi mini ba. Rigar da na fara shiga aji da ita tasa ce, ya sa aka rage mini. In wuce shi in yi aure, in zo da ke gida yana kwana a shagon ƙofar gida shi kaɗai? Da wane ido zan dube shi?"

"Ka taɓa tambayarsa ko yana so a jira shi?"

"Ba maganar da ƙane zai yi wa wansa ba ce."

"To ni bari in gaya maka, tunda ni na san zaman wanda ake jira. Duk Asabar nake yin sa. Kai kana can kan tebur kana ganin adalci ka yi, ni kuma in Dickson ya motsa ledarsa sai in ji kamar in nutse. Ba girma ake ji ba, Abdullatif, kunya ake ji. Wasa ne ma wannan, da zoɓo da gyaɗa. Ina ga wanda aka ɗora wa auren mutum?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Wani mai rake ya wuce yana kiran kaya har ya sha kwana.

"Ki ba ni lokaci."

"Ba nawa ba ne, na Baba ne, kuma ya faɗi iyakarsa."

"Ba zan iya yi masa maganar nan ba. Wallahi ba zan iya ba."

"To ni ma ba zan iya ce wa Baba ya jira mutumin da bai san ana jiransa ba."

Ya ajiye ledar a kan benci ya tafi. Na bar ta a nan har sai da Gogo ta ɗauke, ta buɗe, ta ce yadin dai ba laifi. Asabar ta zo ta wuce ba a yi wasa ba. Roda ta turo mini hoton gwangwanina a kan kanta, ta rubuta: "Turai, ayari ya tsaya cak." Ban ba ta amsa ba. Shi kuwa ko sallama bai turo ba, ni ma na ƙi, ina dai duba wayar kamar mai ciwon ido.

Sai yau Juma'a. Ina ɗaki bayan la'asar ina cire zaren wata riga, na ji babur ya tsaya a ƙofa, aka yi sallama da murya biyu. Gogo ta leƙa ta dawo da gudu-gudu, ɗankwali a hannu, tana rawa ba kiɗa.

"Mutanen Kurfi! Da goro, da alewa, har da dattijo mai rawani! Ke tashi ki kai ruwa kafin babanki shi fito. Sa mayafin kirki, kada ki fita mini kamar mai takaba."

Na ce ashe ya iya. Ashe ya je ya yi maganar. Na zura sabon hijabi ruwan toka, na ɗauki faranti da kofuna na fita.

A zaure na tarar da dattijon zaune a tabarma yana jan carbi, daga baya na ji Baffa Jibril ne, ƙanen mahaifinsu. Kusa da shi wani dogon mutum baƙi, sanye da farar shadda da har yanzu layin ninki bai bar jikinta ba. Idonsa irin na Abdullatif ne sak, sai dai rana ta daɗe tana dukansa. Na durƙusa na gaishe su na ajiye ruwa. Zan tashi ya ce:

"Ke ce Sumayya?"

"Ni ce."

"Ni ne Tukur. Wanda ya tare hanya."

Ya faɗa yana murmushi, amma ni sai na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce a'a Yaya, ba haka ba ne. Ya ɗaga hannu.

"A kasuwa na ji, ƙanwata. Na je sayen gishiri, mata na ta zance ba su san ina bayansu ba. Wai mutanen yarinya sun zo bincike daga Dutsin-Ma, sun ji ana jiran Tukur, sun juya. Gari duk ya sani, ni kaɗai ne ban sani ba." Ya juya kofin a hannunsa bai sha ba. "Ban yi wahala da yaron nan don shi tsaya bayana ba. In an tambaye ki, ki taimake ni ki ce kin amince."

Baffa Jibril ya yi gyaran murya, na ji takun Baba. Na tashi na shige ciki.

Ina shiga ɗaki na ga wayata na haske a kan gado. Saƙonni ne a jere, duk daga Abdullatif.

"Yaya na gidanku?"

"Yanzu Inna ta kira ni tana kuka. Ban san zai zo ba, wallahi ban sani ba."

"Ya sayar da shanun huɗarsa, duka biyun. Da kuɗinsu ya zo neman mini aure."

"Sumayya da su yake noma. Da su yake yi wa mutane huɗa a biya shi. In damina ta faɗi ba su, da fartanya zai koma."

"Na samu wanda ya saya. Ya ce in an mayar masa da kuɗinsa kafin ya loda su mota gobe zai sake su."

"Don girman Allah ki ce a dakata. In aka karɓa ba za su dawo ba."

Na zauna a ƙasa, ba a gadon ba. Abin da na yi ta roƙo, na yi ta faɗa a kansa, na ƙona atamfar mutane saboda shi, ga shi ya zo har zaure da goro da alewa. Kuma ƙafata ce ta je kasuwar nan, ni na riƙe kwandon. Wan ya ce in amince, ƙanen ya ce in dakata, kowannensu don ɗan uwansa yake roƙona, ba wanda ya tambaye ni yadda zan yi da raina.

Gogo ta faɗo ɗakin tana haki. "Gyara fuskarki, ga babanki nan."

Baba bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ta bayan labule, ina hangen takalmansa.

"Sumayya."

"Na'am, Baba."

"Mutanen Kurfi sun zo da magana, ban ba su amsa ba tukuna. Sau ɗaya zan tambaye ki. In kin amince, in tura su wurin baffanki a tsayar da magana. In kin ce a'a, ko kin ce a jira, duk ɗaya ne a wurina, na sallame su ke nan, kuma kada in sake ganin yaron a ƙofata."

Gogo ta mintsine ni a cinya. Wayar ta fara ruri a cikin hijabina, na danne ta da hannu biyu. Daga zaure na jiyo Yaya Tukur yana yi wa Baffa dariya, sakakkiyar dariya, irin ta wanda ya sauke kaya.

"Ina saurarenki," in ji Baba.